Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Majalisar Dokokin Jihar Kano

Mai girma Shugaban Majalisa da sauran 'yan majalisa,

Kowace shekara Jami'ar Bayero na yaye ɗaliban kimiyyar siyasa waɗanda za su iya yi muku bayanin tsarin mulkin 1999 babi bayan babi, amma da yawansu ba su taɓa zama a zauren majalisa sun ga yadda kwamiti ke yi wa kasafin kuɗi ƙwaƙƙwafi ba. Ɗalibin injiniya yana da shirin koyon aiki na SIWES, ɗan kimiyyar siyasa kuwa sai dai ya nemi mai tsaya masa, wanda ba shi da kowa ya koma gida ya jira bautar ƙasa.

Kujeru 40 gare ku, ga ƙananan hukumomi 44 da ke ƙarƙashin sa idonku. Roƙonmu shi ne kowane kwamiti ya ɗauki ɗalibai lokacin dogon hutu, su rubuta bayanan zama, su tsara takardun ƙudurori, su bi ku jin ra'ayin jama'a. A yi zaɓen a fili ta hannun sassan jami'o'i, kada ya koma rabon 'yan uwa da yaran siyasa, domin nan ne irin waɗannan shirye-shiryen kan lalace. Ku ba su kuɗin mota daga jami'a, da takardar shaida idan sun gama.

Wassalam,
Wani malamin kimiyyar siyasa, Kano