Gaton biskit da kirim: a yi shi a gida, daidai da zafin garinmu

A watan Afrilun bara ɗiyata ta cika shekara 7. Saura kamar sati biyu ta zo ta tsaya a kaina ina tankaɗe, ta ce: "Mama, ni gaton nan mai fari da baƙi nake so, irin wanda aka kawo wa ƙawata a lekol." Na gane wanda take nufi. Shi ne gaton da ake farfasa baƙin biskit mai farin ciki a zuba a cikin ƙullinsa, sannan a lulluɓe shi da kirim. Duk mai waya a hannu ya gan shi a WhatsApp ko TikTok.

Na ce ni zan yi mata da hannuna. Na samo bidiyon wata Ba'amurkiya, na bi shi tiryan-tiryan. Na sayi kirim na kwali, da bota, da biskit fakiti uku, na kashe kusan jika 14. Na gasa a fur ɗin maƙwabciyata, ya tashi lafiya lau. Da hantsi na buga kirim, na shafe gaton, na sa a firigo. Wajen ƙarfe biyu aka ɗauke wuta. Kafin la'asar, lokacin da yara suka taru, kirim ya zubo gefe da gefe kamar kunun da bai yi kauri ba. Na shinshina, hankalina bai kwanta ba, na kankare shi duka na zubar, na yanka musu gaton tsirara. Suka cinye tas, har da neman ƙari. A tsakar gidan nan ni kaɗai ce raina ya ɓaci, kuma da na bincika zuciyata sai na iske dalilin guda ne: ban samu hoton da zan ɗora a waya ba.

Tun daga ranar nake da ra'ayi a kan wannan gato. Duk uwar da ɗanta ya nema, kuma gidan ya yarda da yin hakan, ta yi shi da hannunta, ƙarami, da kayan kantin unguwa. Kuma ta bar bin bidiyon Amurka ido rufe, domin wadda ta ɗauki bidiyon ba a Maraɗi take ba.

Asalin abin na Amurka ne. Kamfanin Nabisco ya fito da biskit ɗin Oreo a birnin New York a 1912, shekara huɗu bayan wani irinsa mai suna Hydrox. A wajen ƙarshen shekarun 1970 Amurkawa suka fara farfasa shi a cikin askirim, daga nan ɗanɗanon ya yaɗu zuwa gato da sauran kayan zaƙi. Girki ne da aka haifa a gidajen da firigo ba ya mutuwa, ɗakin girki yana da sanyi, kuma akwai fur mai ma'aunin zafi. Mai bidiyon ba za ta faɗa miki wannan ba, tunda a wurinta abu ne da kowa ke da shi.

Mu kuwa a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Bota tana narkewa tun daga wajen digiri 32 zuwa 35. Kirim ɗin da ake bugawa ya yi kumfa, sai yana da kitse aƙalla kashi 30 cikin ɗari, kuma sai yana da sanyi ƙwarai, saboda daskararren kitsen ne ke riƙe iskar da aka buga a ciki. Da zarar ya ji ɗumi kitsen ya saki, kumfar ta faɗi. Wannan asarar ado ce kawai. Babbar damuwar ita ce ciki. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a tsakanin digiri 5 da 60, kuma hukumomin kula da abinci na Amurkar kanta suna cewa kada abinci mai saurin lalacewa ya wuce awa 2 a waje, idan zafi ya haura digiri 32 kuma awa 1. To a lissafa: gato mai ɗanyen kirim, an ɗauko shi a bayan babur daga wata unguwa, an ajiye a falo ana jiran baƙi da mai hoto. Yara ashirin ne za su ci. Batun wuta kuwa ba sai na tuna wa kowa ba. Mun ga yadda aka yi a watan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take turo mana, kuma ko ba wannan ba, lokacin zafi lokacin ɗauke wuta ne.

Abin mamaki, maganin yana cikin biskit ɗin kansa. Kun taɓa tambayar kanku yadda yake yin watanni a kan kantar mai kanti cikin wannan zafi, farin cikinsa bai yi tsami ba? Dalili shi ne ba kirim ɗin madara ba ne. Sukari ne da man itatuwa da ɗan ƙamshi. Inda sukari ya yi yawa ruwa ya yi kaɗan, ƙwayoyin cuta ba sa samun wurin sakewa. A nan akwai abin da ya kamata Musulma ta sani: a Amurka, har zuwa shekarun 1990, da kitsen alade ake haɗa farin cikin Oreo, daga baya kamfanin ya koma man itatuwa. Na yanzu ba shi da wannan matsala, amma darasin yana nan. Kowane biskit za ki saya, juya fakitin ki karanta abin da ke ciki, ki duba ranar lalacewa.

Ba dole sai Oreo ba. Baƙin da kike gani garin koko ne da aka sarrafa da wani sinadari ɗan'uwan kanwa har ya yi duhu, kuma wajen rabin kokon duniya daga Kodibuwa da Gana yake fitowa, nan kusa da mu. Duk wani biskit mai cakulan da farin ciki da ke kantin unguwa zai yi aikin. Yaro ɗan shekara 7 ba sunan fakiti yake ci ba.

Ga yadda na sake yi bana, kuma ya yi. Fulawa giram 250, wato kamar kofi biyu. Sukari giram 180. Ƙwai 3. Mai marar wari rabin kofi. Madarar gari da aka dama da ruwa, kofi ɗaya bai cika ba. Gishiri ɗan kaɗan. Sai lebur na gato, wanda ƴan Najeriya ke ce wa bekin foda. Ƙunshinsa na giram 11 an yi shi ne don fulawa rabin kilo, saboda haka rabin ƙunshi ya isa. Kada ki ɗauko yis na burodi ko na fanke, aikinsu daban ne. Ki raba biskit 12, ki kankare farin cikin ki ajiye gefe. Ki kaɗa ƙwai da sukari har su yi haske su ƙaru, ki zuba mai da madara, sannan fulawar da kika tankaɗe tare da lebur. Da fulawa ta ɓace a cikin ƙullin ki tsaya, yawan juyawa yana sa gato tauri. Baƙin biskit ɗin ki farfasa shi da hannu gutsi-gutsi, ki barbaɗa masa ɗan fulawa don kada ya nutse ƙasa, ki zuba a ƙarshe. Idan kika daka shi ya yi laushi, gaton zai fito launin toka.

Mai fur ta sa a digiri 180, minti 35 zuwa 40. Wadda ba ta da shi, babbar tukunya ta isa. Ki zuba rairayi mai tsabta kamar kaurin yatsu biyu, ki rufe, ki ɗora a murhun gawayi minti goma sha biyar ya yi zafi. Ki jera ƙananan gwangwanayen tumatir uku a kan rairayin, ki ɗora kwanon gaton a kansu, ki rufe, ki sa garwashi kaɗan a kan murfi. Wuta madaidaiciya, kuma kada ki buɗe kafin minti 25. Wajen minti 45 ki soka tsinke a tsakiya, in ya fito a bushe ya nuna. Na gwada fur na gwada tukunya, maigida bai iya bambance su ba.

Abin shafawa kuwa: margarin giram 150, farin cikin biskit da kika ajiye, sukarin gari giram 250, da madarar gari cokali uku. In babu sukarin gari, ki daka na gida a busasshen turmi ki tankaɗe. Ki buga da muciya ko maburgi kamar minti goma har ya yi fari ya yi laushi, sannan ki zuba ɗan garin baƙin biskit. Ba zan ruɗe ki ba, wannan ma yana saki idan rana ta take. Shi ya sa nake gasawa da dare ko bayan asuba, in bar shi ya huce sarai, in shafa siriri saura awa ɗaya a yanka, in ajiye a inuwa kusa da randa. In ya ɗan yi laushi ado ne ya ragu, cikin yara lafiya. Wadda ɗanta haihuwar Disamba ko Janairu ne, kuma firigonta na aiki, tana iya gwada ɗanyen kirim. Haihuwar bazara ta haƙura. Duka abin da na kashe bana bai kai jika 5 ba.

Na san akwai masu ja da ni. Surukata ta fara. Da ta ga ina auna fulawa sai ta ce: "Ke dai ƴar nan, mu da nakiya da alkaki da dubulan aka rene mu, wa ya san ranar haihuwarsa ma?" Na ce: "Gaskiyarki Hajiya." Kuma gaskiyarta ce. Akwai malaman da ke ganin bikin ranar haihuwa ba shi da asali a addini, a bar shi, akwai masu ɗaukarsa al'ada ce muddin babu saɓo a ciki. Wannan fagen nasu ne, kowane gida ya bi abin da ya gamsu da shi, kuma gato ba sai ranar haihuwa ake cin sa ba, ana iya yi ranar da yaro ya sauke izu ko ya ci jarrabawa. Abin da na tabbata ɓangarorin biyu sun haɗu a kai shi ne almubazzaranci da cin bashi don burge mutane ba su da kyau. Game da baƙuntar abincin kuwa, burodi ma Turawa suka zo da shi, yau ga shi a teburin kowane mai shayi. Abinci yana zama namu ne ranar da muka daidaita shi da kasuwarmu da yanayinmu. Na kuma ɗauki rabin maganar Hajiya: bana na sa ta koya wa jikarta murza alkaki, aka ajiye shi a faranti ɗaya da gaton.

Na biyu, mata masu sana'ar gato. Wata ƙawata da ke yi ta ce mini: "Ke so kike ki kashe mana kasuwa?" A'a. Da yawa daga cikinsu da wannan sana'a suke biyan kuɗin lekol, kuma gaton biki mai hawa uku aikin gwani ne, ba na tukunyar rairayi ba. Wadda aiki ya hana ta, ta saya, babu laifi. Amma ta tambaya: wane irin kirim ne, yaushe aka shafa, a ina ya kwana? Mai sana'ar kirki ba za ta ji haushin tambayar ba. Abin da nake ƙi shi ne mu mayar da ranar yaro gasar iyaye. Wance ta kawo na jika 20, ni sai na kawo na 30, da sunan yaro da zinariya, alhali kuɗin cefanen sati ne, ko an ci bashin adashe. Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa. Yaron da ke gefe, wanda uwarsa ba ta da hali, shi ma yana kallo, gobe zai je gida ya tsaya a kan uwarsa kamar yadda tawa ta tsaya a kaina. Gaton jika 5 da aka gasa a tukunya yana gaya wa waccan uwar cewa ita ma za ta iya.

Na uku, masu cewa wahala ce. Awa biyu ne, kuma rabin aikin yara ne ke yi. Ɗiyata ce ta raba biskit, ta kankare cikin, ta farfasa, ta cinye biyu a ɓoye tana zaton ban gani ba. Gaton bai fito kamar na bidiyo ba. Gefe ɗaya ya fi tudu, shafin kuma ba sumul ba. Da babanta ya shigo ta tare shi tun daga zaure tana cewa: "Baba, ni na yi, Mama ta taya ni." Na bara mai jika 14 ba ta ƙara maganarsa ba. Na bana har yau tana ba ƙawayenta labari.

Saboda haka ƴar'uwa, in ɗanki ya nemi gaton fari da baƙi, duba watan da ake ciki, duba aljihunki, duba ko firigonki abin dogaro ne, sannan ki auna fulawa. Daidai ruwa daidai tsaki. Wadda ta gwada na tukunya ta faɗa mana yadda nata ya fito, musamman ƴan Tawa da zafinsu ya fi namu. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa albarka a abin da muke ciyar da su.