Ladi Kwali tana kan naira ashirin, masu faifan Kiéché fa?

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar bakin iyaka ya riƙe takardar naira ashirin. Juya bayanta, za ka ga wata mata zaune tana ginin tukunya. Ladi Kwali ke nan, Bagwariya daga ƙauyen Kwali a Najeriya. Tun tana yarinya ta koyi aikin yumɓu wajen wata ƴar'uwar iyayenta, tana gina randuna da tulunan ruwa kamar kowace mace ta garinsu. Abin da ya fito da ita shi ne zanen da take yi a jikin tukunya: ƙadangare, kunama, kifi, kada, hawainiya, tsuntsaye, wato halittun da take gani kullum a daji da bakin rafi.

Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta a gidansa. A can wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da ya buɗe a Abuja ta dā, wadda yau ake kira Suleja, ita ce mace ta farko a wurin. An kai aikinta baje koli har Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Macen da ba ta zauna benci a lakwal ba!

To, mu dawo gida. A Kiéché da ƙauyukan Dallol Mawri akwai mata masu saƙa faifai da tabarma da kabar goriba, akwai masu ƙawata ƙwarya, akwai maginan tukwane. Ka tsaya ka duba aikin da kyau, za ka ga ɗigo-ɗigo irin na gashin zabo da layi mai lanƙwasa kamar sawun maciji a rairayi. Ni ina ganin wannan fasaha ce cikakkiya. Amma mu ƴan boko sunan da muka ba shi "abin rage lokacin tsofaffi". Sai mu tsaya a kasuwar Dogondutsi muna taya faifan da ya ci kwanaki da kuɗin da bai kai na katin waya ba, mu wuce mu sayi robar da rana za ta fasa kafin damina.

Wani zai ce, ai sana'ar talauci ce, gara yarinya ta yi karatu. Wa ya hana? Ta yi karatun, kuma ta riƙe abin da kakarta ta iya. Ladi Kwali ba ta bar zanen ƙadangarenta ba da ta haɗu da Bature, sai ma ta ɗora shi kan sabon salon gashi. Abin da ta samu shi ne mutanen da suka kira sunanta, suka biya aikinta da daraja. Shi ne matanmu suka rasa. A Yamai ana yin SAFEM, bajen kolin sana'o'in mata, akwai kuma kasuwar masu sana'a ta Wadata, amma faifan ƙauye in ya isa birni, sunan ɗan kasuwa ake sani, mai saƙar ta ɓace.

Akwai kuma maganar dajin kansa. In aka sassare goriba tun tana ƙarama, ina za a samu kaba? In zabon daji ya ƙare, me jikanya za ta kalla ta zana? Sassaben zamani da manoman Maraɗi suka yi suna da shi, na barin toho ya girma a gona, yana kare har da sana'ar uwayenmu.

Don haka ga roƙona gare ku, ƴan'uwana matasa na Yamai da Dosso. In kun sayi faifai ko ƙwarya, ku tambayi wadda ta yi da garinsu. In za ku sa hoton a Facebook, ku nemi izininta, ku ambace ta. Kuma don Allah, in ta faɗi kuɗi, a rage tayi.