Gidan Baban Shakespeare Da Zaurukanmu Na Sabo



A sakandare an wahalar da mu da Shakespeare, amma ba malamin da ya taɓa gaya mana cewa ɗan kasuwa ne ya haife shi. Babansa John baduku ne, yana ɗinka safar hannu ta fata, yana kuma fataucin gashin tumaki. A gidansu na titin Henley, cikin garin Stratford a Ingila, aka haifi William a 1564, wurin sana'ar kuma yana jikin gidan. Kamar dai namu, ciniki a zaure, iyali a ciki. Garin kansa kasuwa ce ta raya shi, don tun 1196 sarki ya ba da izinin a riƙa cin ta mako-mako.

Shi John ɗin ma ba waliyyi ba ne. A 1552 an ci shi tara saboda juji a ƙofar gida, daga baya an kai shi kotu kan ba da bashi da ruwa. Amma a 1568 shi ne shugaban garin.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shekarar 1847. Gidan ya tsufa, gefe ya zama shagon mahauci, gefe masauki. Da aka sa shi gwanjo, jama'a suka yi karo-karo suka saye shi fam 3,000. Yau gidan tarihi ne, baƙi daga ko'ina suna biyan kuɗi su shiga.

To mu fa? Sabon Ibadan na nan tun 1916. Zaurukan masu gida, inda fataken goro da na shanu suke sauka, da an raba gado sai a rushe a jera shaguna. Za ku ce ba mu haifi Shakespeare ba, kuma haya ce ke ciyar da marayu. Ban musa ba. Ban ce a danne wa magada haƙƙinsu ba, cewa na yi a saya a hannunsu. Gida ɗaya tak. Kuɗin bai fi ƙarfin dillalan kara ba, wallahi.

Zauren kakana bara aka rushe shi. Da na iso, tsohon asusunsa na ƙarfe har ya tafi wurin 'yan gwangwan.