Wasiƙa ga Masu Harbin Faifai a Kan Zaɓen Harsashi

Zuwa ga 'yan'uwana masu harbin faifai, musamman sababbin shiga da suka fara zuwa filayen harbi a Ingila,



Abin da ya sa na rubuto muku shi ne tambayar nan da kusan duk wanda ya karɓi lasisin bindigarsa yake yi tun makon farko: wane harsashi zan saya? Mutum ya shiga shago ya tarar da kwalaye jere har rufi. Ga na gida, Gamebore da Hull da Eley da Lyalvale Express, ga na Italiya, Fiocchi da RC da Clever, kuma kowane kamfani yana da na araha, da matsakaici, da na tsada mai ƙyalli wanda zakarun gasa ke yi wa talla. Amsata a taƙaice ita ce ku ɗauki mai sauƙin kuɗi daga kamfanin da aka sani, mai dalma giram 24 ko 28, ƙwaya lamba 7½ ko 8, ku saya da yawa, ku daina sauye-sauye. Na san an ce araha ba ta ado, amma a wannan sana'a takan fasa faifai, kuma zan nuna muku inda take yi da inda ƙarfinta ke ƙarewa.

Ku fara da sanin abin da kuke biya. Ku ɗauki harsashi ɗaya na araha da ɗaya na tsada ku ajiye a kan tebur. Abin da zai fara ɗaukar idonku shi ne gindin kwanso: na tsada tagullarsa doguwa ce tana walƙiya, ta na araha gajeriya. Ku kawo maganaɗisu kusa da su. A yawancinsu zai manne, domin baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ruwan tagulla, kuma tsawonsa ba ya ƙara wa harbi komai a kwanson roba na zamani. Kwalliya ce. Su kansu kwansunan, da ɗan maɓallin da ke tada wuta a gindinsu, kamfanoni ƙalilan ne ke ƙera su a Turai, irin su Cheddite da Fiocchi, sauran masu ɗura harsashi da dama a wurinsu suke saye. Saura albarushi, da matoshin da ke raba shi da ƙwayoyi, da ƙwayoyin dalmar kansu.

A dalmar nan ne bambancin gaskiya yake. Ku buɗe bakin kowanne a hankali daga sama, nesa da gindi, ku zuba ƙwayoyin a farantai biyu ku karkata. Na tsada za ku ga girmansu ɗaya, suna gangarawa sumul. A cikin na araha ba a rasa 'yan kaɗan masu ɗan tsawo ko masu lotsawa, waɗanda ke tafiya a karkace. Sai ku matse ƙwaya ɗaya daga kowane faranti da filaya, za ku ji ta araha ta fi saurin lanƙwamewa. Dalili shi ne wani ƙarfe da ake kira antimoni, wanda ake haɗa wa dalma don ta yi tauri. A na araha yakan kasance wajen kashi 2 cikin ɗari, a na gasa yakan kai 4 ko 5, kuma antimoni ya fi dalma tsada. Lokacin da albarushi ya tashi, ƙwayoyin da ke ƙasa suna shan matsi ƙwarai, masu laushi su baje, kuma ƙwayar da ta baje ba ta tafiya a miƙe: iska ta kama ta, ta fice daga cikin 'yan'uwanta. A tazarar mita 20 ko 25 wannan ba ya hana komai, don ƙwayoyin ba su riga sun watse ba. Daga mita 35 zuwa sama ne ake fara ganin giɓi. To ku tambayi kanku tsakani da Allah, cikin faifai ɗari da kuke harba ranar Lahadi, nawa ne ke kai wannan nisa? A filin kulob na yau da kullum 'yan kaɗan ne. A sikit kuwa, inda faifai ke giftawa a wajen mita 20, babu ko ɗaya.

Sai maganar nauyi, inda na fi ganin sababbin shiga suna cutar kansu. Ana ɗauka cewa yawan dalma shi ne yawan sa'a. Ƙungiyar masu harbin faifai ta CPSA ta ƙayyade giram 28 a gasanninta na gida, a Amurka kuwa ana barin mai harbin tirap ya kai giram 32. Amma ku dubi gasar Olamfik. A da giram 36 ake ɗurawa, aka rage zuwa 32, aka koma 28, daga farkon shekarun 1990 kuma hukumar da ke kula da wasan ta tsayar da shi a giram 24. Faifan bai canza girma ba, faɗinsa milimita 110 ne, nauyinsa giram 105, kuma a tirap ana cilla shi har mita 76. Da wannan giram 24 ɗin Nathan Hales ɗan Birtaniya ya fasa 48 cikin 50 a zagayen ƙarshe na gasar Faris ta 2024 ya ɗauki zinare, da shi kuma Vincent Hancock ɗan Amurka ya ci zinarensa na huɗu a sikit. Babu shakka harsashin da suke sawa na musamman ne. Abin lura shi ne dalmar da ke cikinsa ba ta kai wadda yawancinku ke ƙonawa a kan faifai mai sauƙi ba.

Ribar rage nauyi a kafaɗa take. Idan gudun ɗaya ne, saukowa daga giram 28 zuwa 24 na rage ƙarfin shurin bindiga da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ku tsaya bayan sabon maharbi wajen harbinsa na sittin ko saba'in da harsashi mai zafi, ku zuba wa fuskarsa ido, ku rabu da faifan. Kafin yatsa ya taɓa kunama ido ya riga ya runtse, kunci ya ɗaga daga jikin bindiga, kafaɗa ta tura gaba tana taryen dukan da ta san yana zuwa. Bakin bindiga ya duƙa, faifai ya wuce lafiya lau. Shi kuwa zai sauke bindiga ya kalli kwalin ya ce harsashin nan ba shi da kyau, gobe ya je ya sayi wanda ya fi shi zafi da tsada. Wannan zabura in ta kama mutum tana da wuyar fita, kuma na san waɗanda ta raba su da wasan gaba ɗaya. Ga yara da mata masu ƙaramin jiki da dattawa, har ma da ƙato mai son harba ɗari biyu a yini, akwai na giram 21, kuma yana fasa faifai sosai a tazarar kusa.

Gudu ma haka. Lambar da ake bugawa a kwali tana ruɗar mutane, domin ba wuri ɗaya ake auna ta ba: wasu kamfanonin Ingila suna ba da gudun a bakin bindiga, a Amurka ana aunawa ƙafa uku daga baki, a nahiyar Turai kuma galibi mita ɗaya ko biyu da rabi. Harsashi biyu masu gudu ɗaya sai su fito da lambobi daban. Ƙari a kan haka, ƙwayar da ta fi saurin fita ita iska ta fi yi wa birki, har ya zama a mita 35 ko 40 ratar da ke tsakaninsu ta ragu ƙwarai. Bambancin tazarar da za ku ba faifai a gabansa bai wuce taƙi guda ba, alhali ƙwayoyin sun baje a fili mai faɗin kusan santimita 75. Kuɗin da aka ƙara muku don gudu, a kafaɗarku za ku ji shi.

Lambar ƙwaya tana buƙatar hattara don dalili ɗaya. A awon Ingila lamba 7½ milimita 2.3 ce, giram 28 nata kuma ƙwaya 400 ne ko kusa da haka, lamba 8 wajen 450, lamba 9 wajen 580. Amma 7½ ta Italiya da ta Amurka milimita 2.4 ce, wato daidai da lamba 7 ta Ingila, mai ƙwaya wajen 340. Wanda ya gwada Fiocchi da Eley masu lamba ɗaya ya ce wannan ya fi wancan duka daga nesa, sau da yawa girman ƙwaya ya gwada bai sani ba. Ku nemi milimita a jikin kwali. Lamba 9 ta sikit ce da faifan kusa, 8 tana yin kusan komai, 7½ ko 7 kuma ta faifan nesa ce da wanda ake kira zomo, mai kaurin baki da ke birgima a ƙasa.

Duk wannan bayani ba zai maye gurbin allon gwaji ba, kuma abin yana ba ni takaici yadda allon ke tsatsa a bayan filaye babu mai zuwa wurinsa. Kowace bindiga da halinta, harsashin da ya yi kyau a ta abokinka yana iya barin rami a taka. Ka shafa wa allon fenti, ko ka manna babbar takarda, ka koma yadi 40 ka harba. Ka zana da'ira mai faɗin inci 30 a inda ƙwayoyin suka fi taruwa, ka ƙirga na ciki. A ƙa'ida, cikakken matsin bakin bindiga yana zuba kashi 70 cikin ɗari a da'irar, rabin matsi 60, kwata 55. Bayan ƙirga, ka ɗauki faifai na gaske ka riƙa ɗora shi a wurare daban-daban cikin da'irar, a kwance da kuma ta gefe yadda yake zuwa a iska, kana duba ko akwai inda zai wuce ba tare da ƙwaya biyu ko uku sun same shi ba. Harbi ɗaya ba ya isa hukunci, a yi aƙalla biyar da kowane iri. Sannan ka matso zuwa tazarar da ka saba harbi ka sake. Mutane da yawa a nan suke gane cewa harsashinsu na araha ba shi da laifi, wasu ma su gano bindigar ce ke kai ƙwayoyi sama ko gefe saboda gindinta bai dace da jikinsu ba, abin da babu kwalin da zai gyara.

Yanzu ku yi lissafi. Ana sayar da harsashi 25 a kwali, 250 a katan, kuma sayen dubu ya fi sauƙi. A ce ratar da ke tsakanin na araha da na tsada fam 80 ce a kan dubu, kai kuma kana harba dubu biyar a shekara. Fam 400 ke nan. Wannan kuɗin zai biya maka darussa wurin ƙwararren mai koyarwa, ko ɗaruruwan faifai na ƙarin atisaye, kuma mai fasa 55 ko 65 cikin ɗari a nan cigabansa yake, domin faifan da ya kuɓuce masa yawanci bayansa ya harba da tazarar mita guda. Na tsada yana da ranarsa. Idan ka kai inda faifai ɗaya ke raba na farko da na biyar, ko kana harbin tirap na Olamfik inda harbi na biyu ke samun faifai ya yi nisa, ko gasar FITASC mai faifai daga doguwar hasumiya, to tauri da daidaiton ƙwaya sun cancanci kuɗinsu. Ko a nan ma, kwali biyu na tsada a aljihu ɗaya domin na nesa sun isa, sauran a harba da wanda aka saba. Ban raina natsuwar da mutum ke samu in ya yarda da harsashinsa ba, tana da tasiri a gasa. Amma sabo ne ke kawo ta, shi ya sa na ce a daina sauye-sauye.

Kafin ku sayi dubu, ku tambayi filinku wane matoshi ya yarda da shi. Na roba yakan fi araha kaɗan, yana kuma rungume ƙwayoyi har su fita, amma filaye da yawa a gonaki suke inda tumaki da shanu ke kiwo, don haka na kwali mai ruɓewa kaɗai suke karɓa. Ku bi wannan doka ko babu mai kallo. Haka kuma kada ku tara dalma ta shekaru, domin kwananta ya kusa ƙarewa. Denmak ta hana farauta da ita tun 1996, Tarayyar Turai ta hana ta a fadamu daga 2023, gwamnatin Birtaniya kuma ta sanar a 2025 cewa za ta hana ta cikin 'yan shekaru, in ban da wasu keɓantattu kamar manyan 'yan gasa. Za ku ji ana gunaguni a filaye. Mu da muka ga yadda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010 bai kamata mu shiga sahun masu raina maganar ba, ko da yake hanyar da ta bi ta shiga jikinsu daban ce. Abin da zai maye gurbinta baƙin ƙarfe ne, wanda bai kai dalma nauyi ba, don haka ana ƙara girman ƙwaya da kamar lamba biyu, kuma shawarar da ake bayarwa ita ce kada matsin baki ya wuce rabi. Mai zafi daga cikinsa sai bindigar da aka gwada dominsa, mai tambarin fure a jikinta. Ku kai bindigoginku wurin maƙerin bindiga ya duba tun yanzu, musamman tsofaffi.

Abu biyu kuma ba na ciniki ba ne. Ku duba tsawon ɗakin harsashi na bindigarku, kada a sa mai milimita 70 a bindiga mai 65 don an same shi da rahusa. Kuma kada harsashin bindiga mai lamba 20 ya taɓa shiga aljihu ɗaya da na mai lamba 12, domin yakan zurma cikin bututu ya maƙale, mutum ya ɗora wani a bayansa ya harba, bututun ya fashe a hannunsa. Wanda ya zo da ɗansa mai ƙaramar bindiga, kowa ya riƙe jakarsa.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a filin harbi.