Nguru da Gashua: Abin da duba gida sau biyu a shekara ke tsare wa mai shi

Duk shekara Hukumar NiMet kan fitar da hasashen damina, NIHSA ta biyo da jerin yankunan da ambaliya za ta iya shafa, hankali kuma ya koma kan gwamnati: madatsu, magudanan ruwa da kayan agaji. Akwai wani ɓangaren asarar da ba a cika tattaunawa a kansa ba, wato halin da gidajen suke ciki kafin ruwan ya iso. A arewacin Yobe, inda ma'aikatan tarayya da dama da ke Abuja suka gina gidajen da suke sa ran komawa bayan ritaya, wannan batu ne na dukiyar da aka shafe shekaru ana tarawa.

Yanayin garuruwan biyu ne ya sa lamarin ya yi nauyi. Gashua, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Bade, tana bakin Kogin Yobe, kusa da inda ruwan Hadejia da na Jama'are ke haɗuwa. Nguru kuma tana gefen fadamar Hadejia-Nguru, inda ciyawar kachalla ta daɗe tana toshe hanyoyin ruwa, tana karkatar da shi zuwa gonaki da unguwanni. Ruwan da ke isowa nan daga nesa yake tasowa, daga ƙasar Kano inda madatsun Tiga da Challawa suke, da kuma tsaunukan Jos. Saboda haka kogin kan cika maƙil ne a ƙarshen damina, lokacin da bangaye suka riga suka sha ruwan saman Agusta suka yi laushi. A ambaliyar 2022, wadda ta yi sanadin mutuwar sama da mutum 600 a faɗin Najeriya, Yobe na cikin jihohin da abin ya shafa.

Gida a wannan yanki yana shan wahala kashi uku a shekara guda. Zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu, yana busar da katakon rufi, ƙusoshi su saki, fulasta ta tsattsage. Iskar farkon damina kan zo da ƙarfi, ta sami kwanon da ƙusarsa ta yi sako-sako ta yaye shi. Daga nan danshi ya karɓi aiki: ruwan da ya kwanta a gindin katanga yana hawa cikin bulo sannu a hankali, yana barin farin gishiri a jikin bango, siminti ya riƙa zuba kamar gari. Gara kuwa tana cin katako daga ciki ba tare da an gani ba, sai ranar da silin ya rufto. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana nuna alama watanni kafin ya yi ɓarna, in dai akwai mai dubawa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Duba gida a kan kari tsohuwar al'ada ce a ƙasar nan. Mai gidan ƙasa ya san cewa kafin ruwan farko dole ya hau soro, ya share indararo, ya ƙwanƙwasa azara ya ji ko gara ta shige ta, ya kira magina su sake yaɓe. Ginin ƙasa ba ya yafe sakaci, don haka aikin ya zama wajibi kamar sharar gona. Da bulo da kwano suka maye gurbinsa, sai aka ɗauka an rabu da wannan ɗawainiya har abada. Gaskiyar ita ce siminti yana jinkirta lalacewa ne kawai, yana kuma ɓoye ta a bayan fenti, ta yadda ranar da ta fito fili kuɗin gyaran ya riga ya ninka.

Matsalar ta fi tsanani ga mai gidan da ke nesa. Ma'aikacin da ke Abuja kan je gida da Sallah ko wani biki, ya kwana biyu ko uku cikin hidimar jama'a, ya juyo. Gidan yana kulle, ko kuma yana hannun ɗan'uwa ko ɗan haya da ke jin nauyin kawo ƙorafi, don kada a ce yana roƙo ne a fakaice. Labari ba ya isa Abuja sai katanga ta faɗi. A lokacin kuma kayan gini sun yi tsada. A watan Fabrairun 2024 sai da Gwamnatin Tarayya ta zauna da kamfanonin Dangote, BUA da Lafarge kafin a amince da farashin Naira 7,000 zuwa 8,000 kan buhun siminti. Tsagar da buhu ɗaya zai toshe a watan Mayu, in aka bar ta, a watan Oktoba sai an nemi bulo, yashi da ladan birkila na kwanaki.

Ita kanta gwamnati ta amince da wannan lissafi a kan gine-ginenta. A watan Afrilun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 11, wanda ya wajabta wa ma'aikatu da hukumomi tsarin kula da gine-ginen gwamnati. Umarnin bai shafi gidajen jama'a ba, kuma agajin NEMA da SEMA bayan bala'i ba a tsara shi don ya sake gina wa kowa gidansa ba. Nauyin yana wuyan mai gida.

Abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba. Zagaye na farko a watan Afrilu ko Mayu: kafinta ya hau rufi ya duba ƙusa da katako, birkila ya bi gindin katanga ya cike inda ƙasa ta zaizaye, a yashe kwata, a tabbatar ruwan tsakar gida yana da mafita, mai aikin wuta ya duba wayoyin da ke cikin silin. Zagaye na biyu a watan Nuwamba, bayan ruwa ya janye: a lura da sabuwar tsaga, ƙofar da ta daina rufuwa daidai, wadda kan nuna gini ya motsa, da kuma salga ko sokawe da ta cika har tana barazana ga rijiyar gida. Wanda ke nesa zai iya wakilta birkila ɗaya amintacce, ya biya shi ladan dubawa dabam da na gyara don kada ya ƙirƙiro aiki, ya nemi hotunan wurare iri ɗaya ta WhatsApp kowane zagaye domin a kwatanta. Idan gyaran ya fi ƙarfin albashi, masu zuba kashi 2.5 cikin 100 a Asusun Gidaje na Ƙasa suna da damar neman rancen gyaran gida daga bankin FMBN.

Dubawa ba za ta tare kogi ba idan ya yi ambaliya. Wannan aikin hukumomin da ke kula da madatsu da yashe hanyoyin ruwa ne, kuma dole a ci gaba da matsa musu. Amma gidan da aka gyara wa rufi da gindi a bazara ya fi kusa da tsayuwa bayan ruwa ya wuce, kuma lokacin yin wannan aikin shi ne kafin hadarin farko ya haɗu.