Sadaka ba ta hawa matakala

Jama'ar Matamaye da ƙauyukanta, ga magana mai ɗaci, amma gaskiya ce. Muna cewa muna tausayin naƙasassu. Ran Juma'a mu miƙa musu dala biyar a bakin masallaci, mu wuce. Amma garin da muke ginawa, ƙofofinsa a rufe suke gare su.

Gani ya kori ji. In kun shigo gari, ku dubi ƙofofin ofis, da makaranta, da kanti. Ku ƙirga masu matakala. Gurgu ya zo daga ƙauye neman takardar haihuwar ɗansa. Ta ina kekensa zai hau? Sai ya sauka ya ja jiki cikin ƙura, ko a ciccibe shi kamar buhun gero. Makaho ya nufi kasuwa, ga magudanar ruwa ba murfi. Masai kuwa ƙofarsa matsattsa ce, keke ba ya shiga. Wa ya yi wannan aiki? Mu ne, da maginanmu.

Waɗannan mutane ba kaɗan ba ne. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna naƙasassu sun wuce 700,000 a Nijar, wato mutum 4 cikin 100. Ɗauki ƙauye mai mutum 500, ka ga wajen 20 ke nan. Ƴan'uwanmu ne, suna noma, suna ɗinki, suna kasuwanci, suna ciyar da iyali.

Wani zai ce ƙaddara ce. I, makanta ƙaddara ce. Amma ramin da aka bari a kan hanya sakaci ne. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, amma shi ne ladanin Annabi (S.A.W.), har yakan bar masa riƙon Madina in ya yi tafiya. Ba a ajiye shi bakin ƙofa yana bara ba.

Wani zai ce babu kuɗi. Wannan hujja ba ta da ƙarfi. Simintin da ake zuba matakala da shi, shi ake zuba gangare. In daɓen ya ɗaga taƙi 1, a yi gangare mai tsawon taƙi 12, keke ya hau ba wahala. Ƙofa kuwa a ba ta faɗin santimita 90. In an yi haka tun farkon gini, abin ba tsada. Tsada tana zuwa ne in an gama sannan a fasa. Kuma wannan gangare, tsoho zai bi shi, mai juna biyu za ta bi shi, mai turin kura zai bi shi.

Doka ma tana bayansu. Tun 1993 Nijar ta yi dokar kare naƙasassu, ta sake wata a 2019. A 2008 ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya. Aya ta 9 ta yarjejeniyar ta wajabta a sauƙaƙa musu shiga gine-gine, da hanyoyi, da motocin haya, da makarantu, da asibitoci. Wannan haƙƙinsu ne, ba alfarma ba.

Mun san ƙarshen ware mutane. A Damagaram, an daɗe ana tura kutare unguwar Kara-Kara, can gefen gari. Yau kuturta tana warkewa da magani, kyauta ake ba da shi tun 1995. Amma tabon wariya bai goge ba, ya bi ƴaƴa da jikoki. Matakala ma wariya ce, sai dai ba ta magana.

To, me za mu yi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin a aza tubalin aji, ko rumfar kasuwa, ko masallaci, a kira sarkin guragu da sarkin makafi a ji ta bakinsu. Magajin gari kada ya karɓi ginin jama'a in ba gangare. Masu unguwa su tara samari a rufe ramuka. Ƴan tebur su janye kayansu daga hanyar mutane.

Ku kuma masu koyon karatu, ku fara da ajinku. Akwai gurgu ko kurma a ƙauyenku da ba ya zuwa? Ku je ku tambaye shi dalili. Ku tattauna da malaminku, sannan ku rubuta wa magajin gari takarda da hannunku. Lafiyar yau ba ta gobe ba ce. Mai tafiya da ƙafarsa bana, baɗi yana iya zuwa a keke.