Mai shara ma yana bukatar ƙota ta gari

Kowace safiya, masu shara a kasuwanni, mangaza, mahauta da gidajen likita suna aiki a duƙe da gajeriyar tsintsiya. Abin da ke biyo baya shi ne ciwon baya, ga ƙura mai shiga ƙirji. A ganinmu, duk wanda ya ɗauki mai shara aiki, wajibi ne ya saya masa tsintsiya mai doguwar ƙota. Manomi mai hauyar tsaye ya san amfanin aiki a miƙe.

Amma ba kowace ƙota ta dace ba. Tsawonta ya kai haɓar mai aiki, wato santimita 130 zuwa 150. Kaurinta kada ya wuce santimita 3, don hannu ya riƙe ta sosai.

Wajen sharar fili ko mangazar hatsi, icce ya wadatar. Iccen aduwa yana da ƙarfi. A zaɓi busasshe, miƙaƙƙe, a kankare shi don kada sartse ya soki hannu.

A gidan likita da mahauta kuwa, icce bai dace ba. Yana shan jini da ƙazamin ruwa, ƙwayoyin cuta su laɓe cikin tsaga. A nan ƙotar roba ta fi, domin tana wankuwa da ruwan jabel. Ta ƙarfe tana tsatsa, kuma haɗari ce kusa da wayar lantarki.

Tsintsiyar salga, a shafa wa ƙotarta jan fenti, don kada a kai ta wurin abinci.

Wasu za su ce ɓarnar kuɗi ce. Ƴan uwa, mu yi lissafi: kuɗin magani da kwanakin jinya sun fi kuɗin ƙota nesa.